Rawar ƙafar gaba: matsalar ƙananan jiragen sama da ba a yi wa ganin wasa

Jirgi ya taɓa ƙasa lafiya, ƙafafun baya sun zauna, sai ta gaba ta sauka. Nan take jirgin ya ɗauki kyarma, abin takawar matuƙi yana dukan tafin ƙafarsa, fasinja ya fara salati. Wannan ita ce matsalar da masu tuƙa jirgi ke kira "shimmy", wato ƙafar gaba ta riƙa kaɗawa dama da hagu da sauri ba tare da matuƙi ya juya ta ba. Duk ɗan kabu-kabun da kan babur ɗinsa ya taɓa ƙwace masa yana rawa a kan gudu ya san irin wannan firgici.

Matsalar sananniya ce a ƙananan jirage irin su Cessna 172, mai kujeru 4, wanda aka fara sayarwa a 1956, kuma ba a ƙera wani jirgi da yawansa ba a duniya. A jikin ƙafarsa ta gaba akwai wata ƴar na'ura mai ɗauke da jan mai, aikinta shanye wannan rawa. Shi ya sa da zarar jirgi ya yi kyarma, ita ake fara tuhuma. Sai dai sau da yawa laifin ba nata ba ne: a sauya ta da sabuwa, rawar ta lafa na ƴan makonni, ta sake dawowa.

Gogaggen makanike daga taya yake farawa. Zai auna iska ya gwada da abin da littafin kamfanin ya tanada, ya duba ko tayar ta cinye ta gefe ɗaya, ko wani ɓangarenta ya fi wani nauyi. Tayar da ba ta daidaita ba ita ke tada rawar. Daga nan sai a danne wutsiyar jirgin har ƙafar gaba ta bar ƙasa, ya kama ta da hannu yana jijjigawa. Abin da yake nema shi ne sako-sako: a ƙwallayen ƙarfen da tayar ke juyawa a kansu, a mahaɗar wasu ƙarafa biyu masu kama da almakashi da ke hana tayar juyawa yadda ta ga dama, da kuma zoben da sandunan tuƙi ke kamawa. Ɗan motsi kaɗan a kowane wuri, in aka haɗa, shi ke ba tayar filin rawa. Sai bayan an kammala wannan ake duba na'urar, ko mai ya ragu ko yana yoyo.

A ƙasa irin Nijar, yanayi na ƙara wa lamarin nauyi. Ƙurar hunturu tana shiga mahaɗar ƙarafa ta gauraya da giris tana cin su sannu a hankali. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana saurin tsufar da roba. Ga kuma filayen sauka na ƙasa da tsakuwa a karkara, waɗanda suka fi wahalar da ƙafar gaba a kan filayen kwalta na Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Kayan gyara daga waje ake odarsu, abin da kan sa mai jirgi ya so ya ɗan lallaɓa.

Lallaɓawar ce ke da haɗari. Rawar da aka ƙyale tana iya tsaga ƙarfen da ƙafar ke ɗaure a jikinsa, ta kwance kusoshi, in ta yi tsanani jirgi ya kauce daga hanyar sauka.

Idan ta kama matuƙi, abin da aka koya masa shi ne ya janyo sitiyari baya don rage wa ƙafar gaba nauyi, ya bar gudu ya ragu, kada ya danne birki da ƙarfi. Bayan ya tsaya, ya rubuta a littafin jirgin gudun da rawar ta fara a kai, da irin filin, domin makanike ya san inda zai dosa. Gyaran kuwa na mai takardar izini ne kawai, a ƙarƙashin dokokin da hukumar ANAC ke sa ido a kansu, kuma jirgin bai kamata ya sake ɗaukar kowa ba sai ya sa hannu.