Ƙafafun mota da duwatsun Adar: yadda ake zaɓen amortisa da resor

Duk wanda ya taɓa barin kwalta a Madawa ya miƙa wajen Buza, sa'annan ya ratse zuwa ƙauyukan Tabotaki ko ya zarce Keita, ya san abu guda: a ƙasar Adar ƙafafun mota ke riga inji gajiya. Hanyoyin da ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni na dutse ne da jan marmara, ga gargada, ga ƙoramu da ruwan damana ke zaftarewa. Motar da ta karye a nan takan kwana daji da albasa ko hatsi a bayanta, wani lokaci ma da marar lafiya da ake gaggawar kaiwa likita. Saboda haka batun amortisa da resor, waɗanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce ma shokozoba da sifirin, batu ne na dukiya da rai.

A ƴan shekarun nan wani kaya ya fara shiga bakin masu motoci, musamman ma'aikata da ƴan kasuwar da ke lura da tallace-tallacen intanet. Masu Turancin Ingila na kiransa koyiloba. Masu talla na cewa yana gyara zaman mota bisa hanya, kuma gaskiya ne, amma sai an tambaya: wace mota, bisa wace hanya?

Abin da koyiloba yake

Resor shi ke ɗauke da nauyin mota, yana lotsawa in taya ta hau dutse, ya miƙe in ta sauka. In an bar shi shi kaɗai, mota za ta yi ta rawa kamar kwalekwale. Amortisa ke tsaida wannan rawa: bututu ne mai mai a ciki, piston na tura man ta ƴan ƙananan kafofi, ƙarfin girgiza ya koma zafi.

Koyiloba haɗin waɗannan biyu ne cikin jiki guda, resor mai naɗi ya kewaye amortisa. Wanda bai taɓa jin sunan ba ya daɗe yana ganin abin, domin irin ginin ke bayan kowane babur na kabu-kabu, har da ƙawanyar nan mai matakala da ake murɗawa in za a ɗauki mutum biyu da buhu. Na motocin tsere ya ɗara wannan da abu uku. Jikinsa na da zare, ana murɗa ƙawanya a ɗaga mota ko a sauke ta. Ana iya canza resor a sa mai tauri ko mai taushi. Masu tsada kuma suna da maɓallin da ke rage ko ƙara gudun mai a ciki, wasu ma daban-daban wajen lotsawa da wajen miƙewa.

Mai motar tsere bisa kwalta mai santsi yana sayen koyiloba ne domin ya sauke mota kusa da ƙasa, ya taurara ta, kada ta karkata a kwana. Wannan buƙata ta Turai ce da Amurka da Japan. Cikin motocin hannu da aka yi ta shigowa da su ta tashoshin Kotonu da Lome akwai waɗanda masu su na farko suka riga suka sauke ta haka. A titunan Yamai suna da kyan gani. A hanyar Tabotaki kuwa, dutsen farko da ya yi tsini zai gaisa da kaskon mai na inji, ƙorama ta farko ta karɓe salansa.

Darasin masu tseren hamada

Tsere ba baƙon abu ba ne ga jihar Tawa. Tseren Paris-Dakar, wanda aka soma a ƙarshen shekara ta 1978, ya sha ratsa Nijar ta Agadas da Tawa da Yamai, kafin ya koma Amurka ta Kudu a 2009, daga baya Saudiyya a 2020. Kamfanin Peugeot ya ci wannan tsere sau huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, da motocin 205 da 405. Tun kafin nan 504 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1975 da 1978. Waɗannan motoci na gudu ne ƙwarai, amma injiniyoyinsu ba su sauke su ƙasa ba. Tsawo suka ba su, da doguwar tafiyar ƙafa, wato taya ta samu sarari isasshe ta hau ta sauka, da kuma amortisa masu jure zafi.

Zafin nan shi ne babban abokin gāba bisa gargada. Taya na hawa da sauka ba ƙaƙƙautawa, mai ya yi zafi ya tsinke, ya yi kumfa, amortisa ta daina riƙo alhali ba ta fashe ba. Direba sai ya ji bayan mota na zamewa gefe, sitiyari na sauƙi a hannu. Maganin da wani Bafaranshe mai suna Bourcier de Carbon ya samo a shekarun 1950 shi ne a sa iskar gas mai matsi cikin bututu guda domin ta danne man kada ya yi kumfa; kamfanin Bilstein na Jamus ya yi suna da wannan gini. Bututu guda ya fi saurin hucewa, sai dai in dutse ya lotsa jikinsa piston zai cije. Mai bututu biyu ya fi riƙe zafi, amma bututun waje na kare na ciki daga tsakuwa, kuma ya fi araha. Mai doguwar tafiya da gudu bisa gargada ya fi buƙatar na farko. Mai zirga-zirga a hankali tsakanin ƙauye da kasuwa na biyu mai kyau ya ishe shi.

Kowace mota da nata

Ba kowace mota ke karɓar koyiloba ba. Gaban 504, wadda masana'antar Peugeot ta Kaduna ta yi ta harhaɗawa tun daga 1975, yana da resor kewaye da amortisa, amma bayan mai buɗaɗɗen baya lam ne, wato faifayen ƙarfe da aka jera. Toyota Hilux daga ƙirar 2005 tana da haɗin resor da amortisa a gaba, lam a baya. Ga irin wannan mota ake samun koyiloba na hanyar daji daga kamfanoni kamar Bilstein da Old Man Emu na Ostareliya, waɗanda aka ƙera domin ɗaga mota kaɗan da ɗaukar nauyi. Sunansu ɗaya da na motocin kwalta, aikinsu ya saɓa.

Kafin a fidda kuɗi, abu na farko shi ne nauyin da motar ke ɗauka yau da kullum. Resor mai tauri da aka yi domin kaya, in mota na tafiya wayam, zai sa taya ta riƙa tsalle bisa gargada maimakon ta bi ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana. Resor mai taushi kuma ƙarƙashin buhunan albasa zai zauna har ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ma'aikacin da ke rangadi da mutum uku da ɗan kasuwar da ke lodin kaya ba su da magani ɗaya, ko da motarsu iri ɗaya ce.

Na biyu, amortisa ta dace da resor. Al'adar ƙara lam biyu ko uku a gareji tare da barin tsohuwar amortisa ita ke sa bayan mota ya riƙa harbi. Ƙarin lam kuma ba ya ƙara ƙarfin birki, ko na gatarin taya, ko na shasi. Nauyin da kamfani ya rubuta a jikin mota yana nan yadda yake.

Na uku, ɗagawa na da iyaka. Ga motoci masu gaba irin na Hilux, masu ƙera kayan kan tsaya wajen santimita 5. In aka zarce, kardan da rotil na aiki a karkace, su mutu da wuri, motar da ta yi tsawo kuma da kaya bisa rufi ta fi saurin kifewa a gangaren tudu.

Na huɗu, a yi tunanin gyara. Zaren koyiloba na cijewa da ƙura da ruwan ƙorama in ba a wanke shi ana shafa masa mai. Mai maɓallai da yawa, in ya yi yoyo, sai an kai shi wurin ƙwararre mai kayan aiki na musamman. Amortisa ta gama-gari irin ta KYB ko Monroe kuwa, makaniken tasha zai kwance ta ya ɗaura wata cikin ɗan lokaci.

Araha da jabu

Tun watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, masu motoci suka ƙara dogara ga kayan hannu da waɗanda ke shigowa daga kasuwannin Sakkwato da Kano. Cikinsu akwai nagari, akwai kuma tsofaffin amortisa da aka wanke aka shafa ma fenti, da jabu cikin kwali mai sunan babban kamfani. Araha ba ta ado. Mai saye ya ja sandar amortisa da hannu ya tura: ta ƙwarai na turjewa daidai daga farko har ƙarshe, ba wurin da hannu zai faɗa wayam, mai gas kuma in an danna ta sai ta miƙe da kanta. A duba sandar kada a ga tsatsa ko karce, a duba lambar kaya ta dace da ƙirar mota.

Ana canza su biyu-biyu, dama da hagu tare, da robobinsu, sa'annan a daidaita zaman tayoyin gaba. Alamun gajiyarsu ba ɓoyayyu ba ne: mai na zuba a jikin bututu, taya na cinyewa rami-rami, gaban mota na sunkuyawa in an taka birki, kuma in an danna kusurwar mota aka saki tana rawa fiye da sau ɗaya.

Ga mai motar gudu da ba ta barin kwaltar Yamai zuwa Maraɗi, koyiloba da aka saita bisa matsakaicin tsawo yana da amfaninsa. Ga wanda hanyarsa ta bi ta Buza da Tabotaki da Keita, kuɗin da zai kashe bisa maɓallan da ba zai taɓa murɗawa ba sun fi amfani in ya sayi amortisa huɗu na ƙwarai, resor daidai kayansa, da tayoyi masu kauri, kuma ya yi haka tun kafin ruwan farko ya sauka ƙoramu su buɗe baki.