Baƙon Legas, Kafin Ka Sauke Jaka

Da asuba motarmu ta shiga Legas ta Berger, bayan mun kwana a hanya daga Kano, tafiyar kilomita kusan 1,000. Rana ba ta fito ba, amma ina sauko da ƙafa sai na ji kamar an yafa mini jiƙaƙƙen bargo. Kwandastocin motocin haya na danfo suna ta kiran Oshodi da Ojota, ga hayaƙi, ga ƙamshin suyar ƙosai gauraye da warin kwata. Kafin in isa masaukina a Agege riga ta manne mini a baya. Shi ya sa duk lokacin da na ga matashi a tasha da 'yar jakarsa zai tafi Ikko, wato Legas, karon farko, nakan so in tsayar da shi mu ɗan yi magana.

Mu 'yan Arewa muna ganin babu mai gaya mana zafi. A Kano ma'auni yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, a Sakkwato da Maiduguri har ya zarce. A Legas kuwa da wuya ya wuce 34. Wannan lissafin ne yake yaudarar baƙo. Birnin yana tsakanin teku da babban tafki, iskarsa ɗauke take da danshi, sau da yawa sama da kashi 80 cikin ɗari. Zufa kuwa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe. A gida busasshiyar iska ke shanye ta nan take, jiki ya samu sauƙi. A nan sai ta tsaya a fata tana tsiyaya, jiki ya ci gaba da fitar da wata, ruwa da gishiri suna zurarewa, mutum bai ankara ba.

Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu aikin ƙarfi: 'yan dako a kasuwar Mile 12, masu tura baro, masu sauke shanu a mayankar Oko-Oba. Yaro ya iso jiya, yau ya sa kai ƙarƙashin kwandon tumatir don kada a ce rago ne. Alhali jiki yana buƙatar mako guda zuwa biyu kafin ya saba da irin wannan yanayi. Ciwon kai, jiri, murɗewar tsokar ƙafa, fitsari ya yi kaɗan kuma ya yi ja, duk alamu ne na cewa ruwan jiki ya yi ƙasa. A nemi inuwa, a huta, a sha ruwa. In kuwa mutum ya fara rikicewa, maganarsa ba ta haɗuwa, ko ya yanke jiki ya faɗi, to ba lokacin taruwa a kansa ana sannu ba ne. A sassauta masa tufafi, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a garzaya asibiti.

Shadda mai sitati da yadin roba a adana su sai ranar Juma'a. Auduga marar nauyi ita ce ta kullum. Kayan da ba su gama bushewa ba kada a tura su jaka, fumfuna za su yi, su kuma jawo ƙuraje.

Ruwan sha ma abin lura ne. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, aka rasa rayuka. Ba kowane ruwan leda ba ne mai tsabta, haka nan zoɓo da kunun ayan da ba a san da wane ruwa aka haɗa su ba. Idan gudawa ta kama mutum, a fara da ruwan gishiri da sukari tun kafin a kai asibiti: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sauro kuma ba ya jiran damina kamar yadda muka saba, shekara yake yi a gari, don haka gidan sauro ya shiga jaka tun daga gida. Ruwan sama ya fi tsanani a Yuni da Yuli, kuma in ya malale titi, buɗaɗɗiyar kwata da hanya duk ɗaya suke a ido.

Sai batun hanya. Legas ce mafi ƙanƙantar ƙasa a jihohin Najeriya, ga jama'a kamar ƙasa, kuma ko da aka mai da babban birnin tarayya Abuja a 1991 kasuwanci bai bi shi ba. Gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990, kan cika maƙil safe da yamma, tafiyar rabin awa ta koma awa biyu. Baƙo ya fi samun natsuwa a motocin BRT, waɗanda suka fara aiki a 2008, ko jirgin ƙasan Blue Line da ya fara jigila tsakanin Marina da Mile 2 a 2023. Da katin Cowry ake biya, babu ciniki, babu rigimar canji. In danfo ce, a shiga a cikin tasha. Motar da ta tsaya a bakin titi da sassafe ko da dare tana neman cikon mutum ɗaya, a bar ta ta wuce, domin haka 'yan wan-cans suke farauta: fasinjojin ciki nasu ne, sai an yi nisa su ƙwace waya da katin banki. Inda kuma aka gina gadar masu tafiya a ƙasa, a hau ta ko da gajiya ta yi yawa. Tsallaka babban titi a ƙarƙashinta laifi ne, ana kama mutane a kansa, motoci kuma ba sa jira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na 'yan acaɓa. Har yanzu akwai masu sayar da tumaki ko jinginar da gona su sayi babur, a loda shi a tirela sai Legas. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, bayan wata uku ta ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, fasinja ma yana iya shiga hannu. Iyaye, don Allah a bincika kafin a sa wa yaro albarka ya kama hanya.

Hausawa sun daɗe a Agege, Idi-Araba da Obalende, da masallatansu da sarakunansu. Kada ka taso sai ka san wa zai tarbe ka da kuma unguwar da za ka kwana. Kana isa, a kai ka ka gaida shugabannin jama'a su san fuskarka. Katin shaidar ɗan ƙasa ya zauna a aljihunka. Lambar mai masaukinka kuma ka rubuta ta a takarda, ka sa a wani aljihu dabam da na waya, tare da lambobin agajin gaggawa na jihar, 112 da 767.