Matsalolin Tif ɗin Lateks a Kekunan Tsere: Gano Musabbabinsu da Hanyoyin Magance Su

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan kekuna, tayar da ido ke gani daga waje ba ita ce ke riƙe iska ba. A cikinta akwai wata siririyar roba mai bawul wadda ake kira tif, wasu kuma su ce tub, ita ce ma'ajiyar iskar. Tif ɗin da aka saba gani a hannun masu faci baƙi ne, an kuma yi shi da robar da ake kira butil. Amma da yawa daga cikin masu tseren keke a kan kwalta sun fi son wani nau'i na daban, wanda ake yi da lateks, wato ruwan nan mai kama da madara da ake tatsa daga itacen roba. Shi wannan tif yana da masu yabo, yana kuma da masu kushe. Masu yabonsa na cewa yana ƙara wa keke gudu da laushi, masu kushe kuwa na zargin sa da sacewar iska da kuma fashewa ba zato ba tsammani.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin waɗannan matsaloli, ta kuma nuna cewa kowace ɓarna da ta sami tif tana barin tabo, kuma wurin tabon da siffarsa su ke fallasa musabbabinta. Batun bai tsaya ga asarar kuɗi kawai ba, domin fashewar tayar gaba a kan gangara, keke na gudun kilomita 60 a sa'a, al'amari ne da kan kai ga karaya ko rasa rai.

2.0 Asalin Robobin Biyu

Itacen roba, wanda masana tsirrai ke kira Hevea brasiliensis, asalinsa daga dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka. A shekarar 1876 wani Baturen Ingila, Henry Wickham, ya kwashi irinsa kimanin 70,000 daga Birazil zuwa lambun Kew da ke Landan, daga nan kuma aka yaɗa shi zuwa ƙasashen Asiya. A Nijeriya ma ana noman sa a jihohi irin su Edo da Delta da Kuros Riba. Lokacin da John Boyd Dunlop ya haɗa tayar iska don keken ɗansa a birnin Belfast cikin 1888, da robar itace ya yi aiki, kuma da ita aka ci gaba da yin tif har tsawon shekaru hamsin da ɗoriya.

Butil kuwa roba ce ta haɗi wadda ake samarwa daga man fetur. William Sparks da Robert Thomas ne suka ƙirƙiro ta a Amurka cikin 1937, aka kuma fara yin ta da yawa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da Japan ta mamaye gonakin roba na Malaya. Da aka ga yadda take riƙe iska, sai ta ture robar itace daga kasuwar tif, in ban da a fagen tsere. Har yau kamfanoni irin su Vittoria da Michelin suna yin tif ɗin lateks, ana kuma gane shi da launinsa, domin yakan zo ruwan hoda ko kore maimakon baƙi.

3.0 Halaye Biyu na Lateks

Kusan dukkan amfanin lateks da aibinsa sun samo tushe ne daga halaye biyu. Na farko shi ne talewa. Duk inda taya ta taɓa ƙasa sai ta ɗan lotsa, sa'an nan ta koma yadda take, kuma a kowace lotsawa wani ɓangare na ƙarfin mahayi yana salwanta, ya zama zafi a cikin robar. Lateks ya fi butil saurin komawa siffarsa, saboda haka asarar ta fi ƙanƙanta. Ribar ba ta wuce wat ƙalilan ba, amma a tseren da tazarar daƙiƙa ɗaya ke raba na ɗaya da na biyu, ba abin rainawa ba ce. Haka kuma nauyinsa bai cika wuce giram 70 zuwa 85 ba, alhali na butil da aka saba yakan kai giram 100 ko fiye. Sai dai wannan talewa ita ce ke sa ya kutsa cikin duk wata kafa da ya samu, komai ƙanƙantarta.

Hali na biyu shi ne iska na ratsa jikinsa ko da babu huji. Ƙwayoyin butil a cushe suke, ba sa bai wa iska hanya, na robar itace kuwa a sake suke. An kiyasta cewa butil ya fi robar itace riƙe iska da kusan ninki takwas.

4.0 Matsalolin da Musabbabinsu

4.1 Sacewar Iska ba Tare da Huji ba

Wannan ita ce ƙorafin farko na duk wanda ya fara amfani da lateks. Tayar da aka cika da yamma zuwa bar 7, wato kimanin psi 100, za a iya tarar da ita washegari ta rage kusan bar ɗaya. Wannan ɗabi'ar robar ce, ba lalacewa ba ce, kuma maganinta shi ne a ƙara iska da famfo mai ma'auni kafin kowace fita. Idan kuwa tayar ta kwanta ƙasa warwas cikin 'yan sa'o'i, to akwai wani dalili. Wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne harshen bawul, domin a siririn bawul nau'in Presta da ake sa wa kekunan tsere, sau da yawa harshen na kwancewa ne. Ɗigon ruwan sabulu a bakin bawul zai nuna kumfa idan daga nan iskar ke fita, ɗaure shi kaɗan kuma ya wadatar.

Ya kamata a lura da ƙananan kwalaben iskar kabon dayokzaid da mahaya ke ɗauka don cika taya cikin gaggawa. Wannan iska ta fi iskar da ake shaƙa saurin ratsa robar itace nesa ba kusa ba. Wanda ya yi amfani da ita a hanya, da zarar ya isa gida sai ya sace ta, ya sake cikawa da famfo.

4.2 Fashewa Mai Ƙara

Idan taya ta fashe da ƙara kamar ta bindiga, aka kuma ciro tif aka ga doguwar tsaga mai yagaggen baki, to kusan ko da yaushe an danne wani ɓangarensa ne tsakanin leɓen taya da rim a lokacin sakawa. Butil kan jure irin wannan kuskure na ɗan lokaci, lateks kuwa sai ya kumburo ta wannan kafa, ya ɗaga leɓen tayar, ya fashe a waje. Wani lokaci hakan na faruwa nan take, wani lokaci kuma sai bayan an yi tafiya mai nisa.

Rigakafinta yana cikin tsarin sakawa. Da farko a ɗan hura tif ɗin gwargwadon yadda zai yi siffar zobe kawai, a shafe shi da hoda don kada ya manne wa taya. A shigar da shi duka cikin taya, a mayar da leɓen tayar da yatsu, a guji liba iyakar iyawa. Daga nan sai a tura bawul ciki kaɗan don leɓen ya zauna a ƙarƙashin gindinsa. Mataki mafi muhimmanci shi ne a bi da'irar tayar ta ɓangarorin biyu, ana matsa ta ana leƙawa. A nan launin tif ɗin ke da amfani, domin duk inda aka hango kore ko ruwan hoda, to akwai sauran aiki. Bayan haka a sa iska kaɗan, a sace, a sake sawa a hankali har ta kai ƙima.

4.3 Huji ta Ɓangaren Rim

A cikin rim akwai ramukan da sifok, wato wayoyin ƙafar keke, suke shiga, an kuma rufe su da wani tef. Idan tef ɗin ya tsufa ya lotsa, ko ya goce gefe, ko faɗinsa bai kai na rim ba, lateks zai kutsa cikin ramin har kaifin bakinsa ya yanke shi. Alamar wannan ita ce huji ko jerin ƙuraje a cikin tif ta ɓangaren da ke kallon sifok, tazararsu kuma daidai da tazarar ramukan. Sauya tif ba tare da sauya tef ba asarar kuɗi ce kawai. Abin da ake bukata shi ne tef mai ƙarfi, mai santsi, wanda ya rufe cikin rim daga gefe zuwa gefe.

4.4 Yagewa a Gindin Bawul

Inda ƙarfen bawul ya haɗu da roba wuri ne mai rauni. Yakan yage idan bakin ramin bawul na da kaifi, ko an ɗaure notin bawul da ƙarfi har ya jawo robar cikin ramin, ko ana girgiza bawul yayin sa iska. Kaurin bawul nau'in Presta milimita 6 ne, na Schrader irin na mota kuwa milimita 8, don haka sa na farko a ramin da aka huda don na biyu yana barin giɓi mai haɗari. Akan kare wurin da ɗan yankin tsohon tif da aka huda aka zura wa bawul.

4.5 Rauni a Jikin Taya

Tsagar da kwalba ko dutse ya yi wa taya, wadda butil zai iya zama a bayanta ba matsala, ga lateks ƙofa ce. Zai leƙo ta cikinta kamar ƙaramin ƙurji, kwalta ta goge shi ya fashe. Dole a toshe irin wannan tsaga daga ciki, idan kuma ta yanke zaren taya da yawa, a yi haƙuri da tayar. Ƙaya irin ta tsidau da guntun waya kuwa suna barin ɗan ƙaramin huji ta ɓangaren da ke kallon ƙasa. Huji biyu a jere kamar saran maciji alama ce ta cewa an faɗa rami da ƙarancin iska, rim ya datse tif ɗin. Wannan kan sami wanda ya manta da abin da aka faɗa a 4.1.

4.6 Zafi

Iskar da ke cikin taya tana ƙara ƙarfi idan ta ɗumama. Tayar da aka cika zuwa bar 7 a ma'aunin zafi 25, idan iskarta ta kai 55, za ta tashi zuwa kusan bar 7.8. Wanda zai hau kwalta da tsakar ranar bazara ya kamata ya bar wa wannan ƙari wuri, kada ya kai iyakar adadin da aka rubuta a gefen taya. Haɗarin ya fi girma a keken da birkinsa ke kama rim, musamman rim na zaren kabon, domin ba ya watsar da zafi kamar na alminiyam. Riƙe birki a doguwar gangara kan tara zafin da zai raunana siririn lateks, shi ya sa da yawa daga masu ƙera irin wannan rim suka yi gargaɗi a kan haɗa su. Birkin faifai, wanda hukumar tseren keke ta duniya ta amince da shi a tseren kan titi cikin 2018, ya kawar da wannan matsala, domin zafinsa ba ya kai wa ga rim.

5.0 Faci da Ajiya

Domin a samu sauƙin bincike, ƙwararru kan daidaita tambarin taya da bawul a lokacin sakawa. Ta haka, idan aka gano huji a tif, sai a auna nisansa daga bawul, a je daidai wurin a jikin taya ko rim. Wajen neman hujin kuwa, kada a cika lateks da iska a wajen taya, domin wuri ɗaya zai kumbura kamar balan-balan, ya saki har abada. Iska kaɗan da kwanon ruwa sun isa.

Ƙaramin huji yana karɓar facin sanyi: a goge hodar sarai, a shafa sholisho siriri, a bari ya sha iska, sa'an nan a manna facin. Facin wuta da ake yi wa tif ɗin mota da babur bai dace da roba mai wannan sirantaka ba. Doguwar tsaga da yagewar gindin bawul kuwa ba su da faci. Game da ajiya, hasken rana da zafi da man inji da giris duk abokan gaban robar itace ne, don haka a ajiye tif cikin leda da 'yar hoda a wuri mai duhu da sanyi. Wanda ya fara danƙo ko ya yi ƙananan tsage ya gama aiki. A matsayin na ko-ta-kwana a hanya, tif ɗin butil ya fi dacewa, domin sa lateks na bukatar natsuwar da ba a samu a bakin titi, kuma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa in ban da sacewar iska, wadda ɗabi'arsa ce, yawancin laifuffukan da ake ɗora wa lateks suna komawa ne ga rim, ko tef, ko taya, ko hannun wanda ya saka shi. Ruwa ba ya tsami banza, don haka tif ɗin da ya lalace bai kamata a jefar da shi ba sai an duba inda tabon yake da yadda siffarsa take. A yau akwai tayoyin da ba su bukatar tif, akwai kuma sabon tif na leda mai suna TPU wanda nauyin wasunsa bai kai giram 40 ba, amma lateks bai rasa masu amfani da shi ba. Ya dace da mai tsere da ke duba kekensa kullum. Wanda kuwa keke ke kai shi makaranta ko kasuwa, ba shi kuma da lokacin ɗaukar famfo kowace safiya, baƙin tif na butil ya fi masa kwanciyar hankali.