Tsibirin rake da ya tsara gobensa: me matasan Gwiwa za su ɗauka?

A shekarar 1961, wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, James Meade, ya fitar da rahoto kan tsibirin Mauritius da ke Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Abin da ya hango bai yi daɗi ba. Jama'a na ƙaruwa da sauri, ƙasar noma kaɗan ce, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da tsibirin ke sayarwa waje sukari ne. Meade ba ƙaramin malami ba ne, don ya samu lambar Nobel a 1977, amma hasashensa bai tabbata ba.

Faɗin ƙasar bai wuce murabba'in kilomita 2,040 ba, wato Jihar Jigawa ta ninka ta fiye da sau goma. Mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ba ta da man fetur, ba ta da zinari. Duk da haka, yau tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi samun kuɗin shiga idan aka raba kan kowane mutum. To, ta yaya?

Bayan samun 'yancin kai daga Ingila ranar 12 ga Maris, 1968, gwamnatin Seewoosagur Ramgoolam ta gane cewa rake kaɗai ba zai riƙe ƙasa ba. A 1970 aka yi dokar kafa masana'antu masu rangwamen haraji, da sharaɗin su riƙa sayar da kayansu a waje. Masu jari daga Hong Kong suka buɗe masaƙu da wuraren ɗinki, masu gonakin rake na gida su ma suka zuba ribarsu a ciki. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba sukarin ƙasar tsayayyen farashi a Turai, sai aka yi amfani da wannan dama wajen gina wasu sana'o'in. Daga 1977 karatun sakandare ya zama kyauta, don haka masana'antun suka samu matasa, musamman mata, da suka iya karatu da lissafi. Rashin aikin yi da ya kai kusan kashi 20 cikin ɗari a farkon shekarun 1980 ya sauka ƙasa da kashi 5 kafin 1990.

Daga nan aka ƙara da otal-otal na masu yawon buɗe ido, sai harkar bankuna da hada-hadar kuɗi ta duniya daga 1992, sai cibiyar fasahar kwamfuta ta Ebene a farkon shekarun 2000. Lokacin da Tarayyar Turai ta zabge farashin sukari da kashi 36 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2009, ƙasar ta ji jiki, amma ba ta faɗi ba, domin ta riga ta samu wasu hanyoyin. Har tukar rake ba a zubar da ita, ƙona ta ake yi a samar da wutar lantarki.

Wani abin da ya fi jan hankalinmu shi ne zaɓen 1982. 'Yan adawa sun lashe dukkan kujeru 60 na babban tsibirin, Anerood Jugnauth ya zama firaminista, amma bai rushe masana'antun da magabacinsa ya kafa ba, faɗaɗa su ya yi. Ba kuma cewa muke yi komai ya tafi daidai ba. A 2020 Bankin Duniya ya sa ƙasar a sahun masu babban kuɗin shiga, sai annobar korona ta tsayar da yawon buɗe ido, tattalin arzikin ya ragu da fiye da kashi 14 cikin ɗari, aka mayar da ita matakin ƙasa a 2021.

Mu a nan ba tsari muka rasa ba. An yi shirin Hangen 2010 a zamanin Abacha, aka yi na 2020 a zamanin 'Yar'aduwa, a 2023 kuma Buhari ya ƙaddamar da na 2050. Matsalar ita ce, kowane sabon shugaba yakan zo da sabuwar takarda, ta baya kuwa ta sha ƙura.

Gwiwa ba tsibiri ba ce, ba ta da tashar jirgin ruwa, kuma ƙaramar hukuma ba ta da ikon yin dokar haraji kan kayan waje. Sai dai muna kama da Mauritius ta 1968 a abu ɗaya: dogaro da amfanin gona da muke sayarwa ɗanye. Jigawa na kan gaba wajen noman zoɓo da riɗi, zoɓon nan har Meziko yake zuwa, amma kaso mai tsoka na ribar yana wajen masu tacewa da sarrafawa. Gyaɗa da gero da waken da iyayenmu ke nomawa su ma haka suke barin kasuwa a buhu.

Alhali kuwa kayan aikin na kusa da mu. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ɓaɓura a 2021, ga yankin ciniki mai rangwamen haraji a Maigatari, bakin iyakar Nijar. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da gonar manomin Gwiwa da Roni.

Shirin zaune ya fi na tsaye. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai za su iya neman duk mai takarar shugabancin ƙaramar hukuma ko majalisar jiha ya kawo rubutaccen tsari na shekara goma: injin matsar mai nawa, azuzuwa nawa, 'yan mata nawa za su kammala sakandare. Mu ajiye takardar, mu fito da ita a zaɓe na gaba. Mu kuma masu shirin cike gurbin karatu, mu duba fannonin sarrafa abinci da gyaran injina da wutar sola. Wanda yake aji uku na ƙaramar sakandare yau, a 2050 ɗan shekara arba'in ne ko kusa da haka, kuma a Gwiwar da aka tsara yanzu zai nemi abincin iyalinsa.