Hattara, Hausawan Kurmi: Yaranmu Na Zamewa Daga Makaranta

Duk wanda ya zaga unguwar Hausawa a Anacha, ko Gariki a Inugu, ko wajen tsohuwar mayanka ta Trans-Amadi a Fatakwal da hantsin ranar aiki, zai ga abin da ke damuna. Yara 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu na tura baro, wasu na tsince ruɓaɓɓiyar albasa a bakin tirela, wata yarinya na ɗauke da farantin awara, alhali ana tsakiyar darasi a firamaren gwamnati da ke bayan layi. Da, ɗaiɗaiku ne ke haka. Yanzu abin ya soma zama al'ada, kuma yana yaɗuwa.

In ka tambayi uban, sai ya ce: "Ai makarantar gwamnati ba a koyon komai." Akwai gaskiya a ciki. Aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya duba littafin kowa ba, yaro ya kai aji biyar bai iya karanta sunan titinsu ba. Sannan tun watan Agustan 2021, da ƙungiyar IPOB ta ƙaƙaba zaman gida na ranar Litinin, makarantun Anacha da Inugu suka yi ta asarar yini guda a kowane mako. Mu kuma muka ƙara da namu: ranar Juma'a a janye yaro tun da safe, in Sallah ta zo a tafi da shi gida Arewa sai bayan wata guda. Yaushe zai koyi karatun?

Na san akwai wata fargabar da ba a cika faɗa a fili ba. A 2011 gwamnatin Peter Obi ta mayar wa coci-coci makarantu sama da dubu a Anambra, iyaye Musulmi da yawa suka ja baya saboda addinin 'ya'yansu. Damuwa ce mai tushe. Amma maganinta shi ne uba ya je ya zauna da hedimasta, ya halarci taron iyayen yara, Islamiyya kuma ta riƙe yamma. Cire yaro ba magani ba ne. Haka tura shi makarantar kuɗi mai ɗaki biyu a bayan shago, inda malamar ita kanta ba ta da takardar koyarwa, asarar kuɗi ce kawai.

Yaron da aka haifa a Kurmi ba shi da gona a nan, takardar zama ɗan asalin jiha ma ba za a ba shi da sauƙi ba. In babu takardar WAEC ko NECO a hannunsa, me zai riƙe? Malam Umaru Altine, mutumin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950 domin ya shiga cikin harkokin garin, bai rakuɓe gefe ba.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ba ta ware ɗan baƙo ba. Sarakunan Hausawa, limamai da shugabannin kasuwa, ku bi gida-gida ku ƙirga yaran da ba sa zuwa aji, ku kai su da kanku kafin wannan zangon ya ƙare.