BAYANI: Abin da komawa ga nafkin na yadi ke buƙata a Mafara, Bakura da Maradun

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, famfas ya fara gagarar aljihun talaka. A Disambar 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai yin Pampers, ya sanar da daina sarrafa kaya a Najeriya. A 2024 kuma Kimberly-Clark, mai yin Huggies, ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Wannan ya sa kunzugun yadi, wanda iyaye da kakanni suka yi reno da shi, ya sake zama abin dubawa ga sabbin ma'aurata.

Me ake buƙata?

Jinjiri kan buƙaci canji sau 8 zuwa 12 a rana. Don haka mai jego na buƙatar nafkin kusan dozin biyu, domin wasu na jiki, wasu na kan igiya. Yadin auduga ya fi dacewa, saboda yana tsotse fitsari kuma iska na ratsa shi. Ana iya yanko farin yadi a kasuwar ranar Talata ta Mafara, tela ya dinke bakinsa, ko a yayyanka tsohon zani mai laushi. Sabon yadi sai an wanke shi kafin ya taɓa fatar jariri. A naɗe nafkin ƙasa da cibiya har sai ta faɗi ta warke. Wandon roba na hana yoyo, amma a zafin bazara yana riƙe gumi ya jawo ƙuraje, don haka a riƙa barin jariri ya sha iska.

Inda gizo ke saƙa

Kuɗin da aka tsira da shi a shago, wani ɓangarensa na komawa ga ruwa, sabulu da ƙarfin mace. Ƙa'idar wankin ita ce a zubar da kashin a masai, a jiƙa nafkin a bokitin da aka keɓe masa, a wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, sannan a wanke hannu. Kashin jariri na ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba.

Ƙananan hukumomin uku na cin moriyar madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan Gulbin Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 domin noman rani. Sai dai ruwan fadama daban, ruwan famfo a tsakar gida daban. Wanke nafkin a magudanar noman rani na gurɓata ruwan da wasu ke ɗiba a gaba, kuma Zamfara na cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi yi wa ɓarna.

Abin ya fi tsanani ga matan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, waɗanda ke raɓe a gidajen 'yan'uwa suna sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa. A wurinsu famfas ya yi tsada, wankin nafkin ma ba araha ba ne.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a Zamfara ta Yamma, akwai tambayar da ta dace matasa su yi masa: rijiyoyin burtsatse nawa ke aiki a mazaɓarsa, kuma wa ke gyara su idan sun lalace?