Yadda Ake Ajiye Kyamara Mai Ɗauke da Makirufo da Fitila

Masu ɗaukar bidiyon biki a Jega, Aliero da Maiyama sukan ɗora wa kyamara makirufo da fitila. Hakan na mayar da nauyinta sama, shi ya sa da an ajiye ta a bakin benci sai ta kife. Abin da ke saurin karyewa shi ne ɗan gurbin ƙarfen da ake maƙala su.

Idan hutun 'yan mintuna ne, a zaunar da ita a tsakiyar tebur, a rufe gilashin, a naɗe igiyarta kada yaro ya fizgo. Kada a bar ta tsaye kan ƙafa uku cikin taro.

Idan an tashi aiki, a kwance komai, a cire batir. Da hunturu a fara hure ƙura kafin a goge, domin ƙura na karce gilashi. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, don haka kada ta yini cikin mota. Da damina a sa ƙunshin silika a jaka, saboda danshi na kawo fumfuna. Wayar da ke kan gimbal ma haka za a yi mata.